Wa Ke Ɗaukar Nauyin? Kuɗin Gwamnati da Hidimar Masu Naƙasar Fahimta a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake ware kuɗin gwamnati domin hidimar masu naƙasar fahimta a Nijeriya. Hujjarta ita ce babban abin da waɗannan bayin Allah suke buƙata shi ne lokacin mutum, wanda aka horar kuma ake biyansa albashi shekara da shekaru, alhali kasafin kuɗinmu ya fi karkata ga gini da rabon kaya. Wannan ya sa nauyin ya koma kan iyali, musamman iyaye mata. Maƙalar ta bi dokokin da ke ƙasa, ta auna su da kuɗin da aka tanada, ta ɗauko darasi daga Afirka ta Kudu da Amurka, sannan ta kawo shawarwari.

Gabatarwa

Duk ranar 3 ga watan Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, akan yi taro a manyan biranen jihohi. Ana raba kekunan guragu da sandunan makafi da kekunan ɗinki da buhunan shinkafa. Waɗannan kaya suna da amfani, kuma waɗanda suka samu suna godiya. To amma akwai uwar da ɗanta ya kai shekara goma sha biyu bai iya sa riga da kansa ba, bai kuma san hanyar komawa gida ba idan ya fita. A cikin kayan da aka jera babu ko ɗaya da zai rage mata wahala. Abin da ɗanta ke buƙata malami ne mai haƙuri wanda ya san yadda ake koyar da irinsa, da likitan da zai duba farfaɗiyarsa, da wani amintacce da zai riƙe shi na 'yan awoyi domin ta je kasuwa ko asibiti. Duk waɗannan mutane ne, kuma mutum sai da albashi.

A nan matsalar take. Wannan maƙala tana so ta nuna cewa tsarin da muke bi wajen ware kuɗi yana tsallake masu naƙasar fahimta ko da niyya ta yi kyau, kuma gyaran ya fi ƙarfin ƙara adadi kawai. Dole a sauya abin da ake sayowa da kuɗin.

Su waye ake nufi

Masana suna kiran mutum mai naƙasar fahimta idan abubuwa uku suka haɗu: raunin koyo da tunani wanda gwajin basira ke nunawa da maki kusan 70 ko ƙasa da haka, da gazawa wajen tafiyar da al'amuran yau da kullum irin su wanka da ƙidayar kuɗi da hulɗa da jama'a, sannan a ce abin ya fara tun ana yaro. Yana da mataki-mataki. Mafi yawansu nasu mai sauƙi ne, suna iya koyon karatu daidai gwargwado, su koyi sana'a, su yi aure. Kaɗan ne ke buƙatar kulawa dare da rana.

A bakin jama'a kalmomin da ake jifansu da su sun haɗa da dolo da gaula da wawa. Yaron da aka haifa da alamun da likitoci ke kira Down akan ce masa galahanga, a wasu wurare ma a ce ɗan ruwa ne, wato ba mutum ba ne cikakke. Sau da yawa kuma ana haɗa su da masu taɓin hankali, alhali abubuwan biyu sun bambanta. Taɓin hankali ciwo ne da kan zo wa mutum bayan ya girma, ana shan magani ya lafa. Naƙasar fahimta kuwa yanayi ne da mutum zai rayu da shi, kuma abin da ke ɗaga shi tarbiyya ce da horo da tallafi. Wannan bambanci yana da tasiri ga kasafi, domin idan gwamnati ta ɗauka duk abu ɗaya ne, sai ta ga ai ta gina asibitin ƙwaƙwalwa, ta sauke nauyi ke nan.

Yawansu da musabbabin abin

Wani nazari da ya tattara binciken ƙasashe da dama, wanda aka buga a 2011, ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari ne ke da naƙasar fahimta a duniya, kuma adadin ya fi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan al'ummar Nijeriya da ta haura miliyan 200, ana maganar mutum miliyan biyu ko fiye, kowannensu da gidan da ke ɗauke da shi.

Wani ɓangare na wannan adadi daga halitta yake. Galahanga irin ta Down, alal misali, tana faruwa ne idan aka sami ƙari a ƙwayar gado ta 21, kuma takan zo a kusan haihuwa ɗaya cikin dubu a ko'ina a duniya. Sai dai babban kaso a ƙasashe irin namu daga abubuwan da ake iya karewa yake fitowa: doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, sanƙarau, tamowa, da ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa misali. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum mutane suna niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ba su san dutsen cike yake da gubar dalma ba. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro lalatawar da ba ta gyaruwa. Garin Bagega, ɗaya daga cikin wuraren da gubar ta shafa, ya jira har farkon 2013 kafin a saki kuɗin share ƙasarsa, bayan alƙawarin da gwamnatin tarayya ta yi a 2012. Yaran da suka tsira a wancan lokaci yanzu sun zama samari da 'yan mata. An kashe kuɗi wajen ceton ransu, kuma hakan daidai ne. Tambayar da ta rage ita ce wa ke biyan kuɗin koyar da su da kula da su a sauran rayuwarsu. Duk naƙasar da ta samo asali daga gazawar asibiti ko sakacin hukuma bashi ce a wuyan al'umma gaba ɗaya.

Abin da doka ta ce da abin da kasafi ya bayar

Ta fuskar doka Nijeriya ba ta rasa tanadi ba. Ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci ta 2018. Dokar ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a hukumomin gwamnati, ta kuma ce mai naƙasar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da masu naƙasa. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Haƙƙin da ke takarda sai an biya kuɗinsa kafin ya zama hidima. Mu ɗauki ilimi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar tarayya domin ilimin matakin farko. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 2 cikin ɗari na wannan kuɗi ne ake keɓe wa ilimin masu buƙata ta musamman. Kashi biyu na kashi biyu ke nan, wato kwabo 40 a cikin kowace naira 1,000. Wannan ɗan abin ake raba wa jihohi 36 da Abuja, kuma a cikinsa makafi da kurame da guragu da masu naƙasar fahimta duk za su ci.

A ɓangaren lafiya, a Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma wannan ci gaba ne. Amma asibitin da ke fama da albashin ungozoma da wuya ya ɗauki mai koyar da magana ko mai gashin ƙashi, kuma maganin kyauta da doka ta ambata ba ya samuwa idan ba a tura wa asibitin kuɗinsa ba.

Dalilan da suka sa kuɗin ba ya kaiwa

Dalili na farko shi ne yanayin buƙatar. Keken guragu ana sayensa sau ɗaya, a ɗauki hoto, a rubuta a rahoto. Horar da yaro mai naƙasar fahimta ya iya cin abinci da kansa na iya ɗaukar watanni, kuma aji ɗaya ba ya ɗaukar fiye da yara kaɗan. Kuɗinsa na yau da kullum ne, irin wanda ake fara yankewa idan kuɗin shiga ya ragu, kuma ba ya barin allon buɗe gini da sunan wani a kai. Ko tanadin shekara biyar da dokar 2018 ta bayar domin gyara gine-gine, wanda ya cika a 2024, masu naƙasar gaɓoɓi ya fi shafa.

Dalili na biyu shi ne murya. A ƙasar Hausa makafi suna da Sarkin Makafi, guragu suna da Sarkin Guragu, kutare ma suna da nasu. Waɗannan sarautu tsari ne na kai kuka fada da karɓar rabo. Masu naƙasar fahimta ba su taɓa samun irin wannan ba. Tarihin ilimin musamman ma haka ya tafi: makarantar makafi ta Gindiri ta fara tun 1953, kuma makarantun farko-farko na makafi da kurame ne. Da yawa daga masu naƙasar fahimta suna iya faɗin abin da suke so idan aka saurare su da natsuwa, amma ba a gayyatarsu zaman kare kasafi, iyayensu kuma kunya da gajiya sun tsare su a gida.

Dalili na uku shi ne warwatsuwar nauyi. Ilimin firamare yana hannun jihohi da ƙananan hukumomi, lafiya tana ma'aikatarta, jin ƙai yana wata. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da sassan ilimin musamman a jami'o'i irin su Bayero da Jos da Ibadan suna yaye malamai. Idan jiha ba ta buɗe musu guraben aiki ba, sai su ɓuge da koyar da wani darasi daban ko su bar koyarwa, kuɗin horar da su ya tafi a banza.

Darasi daga Afirka ta Kudu

A 2015 ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng ta sanar da soke kwangilarta da cibiyoyin Life Esidimeni, inda ake kula da masu taɓin hankali da masu naƙasar fahimta. Dalilin da aka bayar ya haɗa da tsimin kuɗi da mayar da marasa lafiya cikin al'umma. A 2016 aka kwashe mutum kusan 1,700, da yawansu aka kai su gidajen ƙungiyoyi masu zaman kansu da ba su da ingantaccen lasisi. A cibiyoyin farko ana kashe kusan rand 320 a kan kowane mutum a rana. A gidajen ƙungiyoyin abin da ake biya rand 112 ne. Mutum 144 suka mutu, da yawa saboda yunwa da ƙishirwa da sanyi da ciwon huhu. A watan Maris na 2018 tsohon mataimakin alƙalin alƙalai Dikgang Moseneke, wanda ya jagoranci zaman sulhu, ya yi watsi da hujjar rashin kuɗi, ya umarci gwamnati ta biya kowane iyali da ya shigar da ƙara rand miliyan 1.2.

Darasin a fili yake. Manufar mayar da mutane cikin al'umma mai kyau ce, amma idan aka mayar da ita hanyar rage kashe kuɗi, rayuka ne ke biyan bambancin. Araha ba ta ado, a nan kuwa kisa ta yi.

Darasi daga Amurka

A 1967 kusan mutum 195,000 masu naƙasar fahimta ne ke zaune a manyan gidajen gwamnati a Amurka. Ɗaya daga cikinsu, Willowbrook a jihar New York, an gina shi domin mutum 4,000 amma ya ɗauki fiye da 6,000. Rahoton talabijin na 1972 ya nuna wa duniya ƙazanta da wulaƙancin da ke ciki, kuma an rufe shi a 1987. Abin da ya sauya tsarin ƙasar baki ɗaya shi ne gyaran da aka yi wa shirin inshorar lafiyar talakawa na Medicaid a 1981, wanda ya ba jihohi damar biyan kuɗin kulawa a gida da cikin unguwa. Kafin nan kuɗin gidajen killacewa yake bi. Da kuɗi ya sauya hanya sai hidima ta bi shi, kuma hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Olmstead a 1999 ya ƙarfafa haka. Yau waɗanda suka rage a irin waɗancan gidaje ba su kai 20,000 ba.

Amurka tana da wani darasin na gargaɗi. Dokar ilimin yara masu naƙasa ta 1975 ta buɗe hanyar gwamnatin tarayya ta ɗauki har kashi 40 cikin ɗari na ma'aunin kuɗin karatunsu, amma ba ta taɓa cikawa ba, kuma abin da take bayarwa a 'yan shekarun nan bai kai rabin haka ba. A 2023 kusan mutum 700,000 ne ke layin jiran hidimar gida, mafi yawansu masu naƙasar fahimta da makamantanta. Ko a ƙasa mai arziki, haƙƙin da ba a ɗaure shi da kuɗi na dole ba jira yake zama.

Amsa ga masu cewa babu hali

Akwai masu cewa ƙasar da miliyoyin yaranta masu lafiya ba sa zuwa makaranta ba ta da halin wannan hidima mai tsada. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amsarta ita ce ana biyan kuɗin tun yanzu, sai dai ba daga baitulmali ba. Uwar da ta bar sana'arta ce ke biya, da yayar da aka cire daga makaranta domin reno, da uban da ya sayar da gona yana yawon neman magani. Inda iyali suka gaza, sai a ɗaure yaro a ɗaki ko a tura shi bara. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2019 ya nuna yadda ake sa wa masu larurar ƙwaƙwalwa mari a cibiyoyin gargajiya da na addini da na gwamnati a Nijeriya. Gida guda da talauci ya durƙusar ta wannan hanya asara ce ga tattalin arzikin kowa.

Wasu kuma suna ganin sadaka da zumunci sun wadatar. Sadaka alheri ce, amma tana zuwa ne lokacin da mai bayarwa ya samu, buƙatar yaron kuwa kullum ce. Shari'ar Musulunci ma ba ta bar mai raunin hankali ga tausayin masu wucewa ba. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa waliyyai ciyar da shi da tufatar da shi da kyautata masa magana, malaman fiƙihu kuma sun mayar da nauyin wanda ba shi da waliyyi ga hukuma. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sa wa makafi 'yan jagora, ya sa wa naƙasassu masu hidima, daga dukiyar hukuma. Abin lura shi ne mutane ya ɗauka aiki domin su.

Ba a rasa misali na kusa ba. Jihar Jigawa ta fara biyan masu naƙasa alawus na naira 7,000 a wata a 2007, bisa doka. Ghana tana ware wani kaso na asusun gundumominta domin masu naƙasa. Afirka ta Kudu tana biyan alawus na wata-wata ga mai kula da yaro mai tsananin naƙasa. Babu ɗayansu da ya kammalu, amma sun nuna abu ne mai yiwuwa a Afirka.

Shawarwari

Na farko, kowace jiha ta buɗe layi na musamman a kasafin yau da kullum mai ɗauke da sunan naƙasar fahimta, a kuma riƙa bayyana abin da aka saki a kowane wata uku, domin abin da aka amince da shi da abin da aka saki ba ɗaya ba ne.

Na biyu, a fifita albashi a kan gini. A ɗauki malaman ilimin musamman da aka riga aka yaye, a ware aji ɗaya a makarantun firamaren da ke akwai a kowace mazaɓa, yaro ya yi karatu kusa da gidansu.

Na uku, a kafa alawus na masu kulawa bisa doka, a biya shi kai tsaye ga wanda ke riƙe da yaron, a kuma riƙa daidaita shi da tsadar rayuwa. Hukumomin zakka da waƙafi a jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna iya ƙarawa a kai, ba tare da gwamnati ta janye hannunta ba.

Na huɗu, a sa duba girman yaro da koyonsa cikin ayyukan ranar rigakafi, tunda iyaye mata suna zuwa asibiti a ranar. A kuma tanadi fitilar maganin shawarar jarirai da horon farfaɗo da jariri a asibitocin karkara. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Na biyar, duk cibiya mai zaman kanta da za ta karɓi kuɗin gwamnati sai ta sami lasisi, a biya ta abin da zai ishi kulawa ta gaskiya, a riƙa kai mata ziyarar bazata. A sa iyaye da masu naƙasar kansu cikin masu sa ido, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Nijeriya tana da dokoki, amma kuɗin da ke bayansu kaɗan ne, kuma ɗan abin da ake da shi yana tafiya ga kaya da gine-ginen da ba su taɓa buƙatar masu naƙasar fahimta. Gauteng ta nuna illar tsimi a kan ran mutum, Amurka ta nuna cewa hidima tana bin inda kuɗi ya bi. Kira a nan ga 'yan majalisun jihohi ne da kwamishinonin kasafi da malaman jami'a da limamai: idan an kawo kasafin shekara mai zuwa, a nemi layin da ke ɗauke da albashin malamin waɗannan yara da alawus na uwar da ke riƙe da su. Idan babu shi, a nace sai an sa shi kafin a amince da kasafin.